SINADARIN RIƘON CIKI DA AIKINSA A ZUCIYA DA JIJIYOYIN JINI DA ƘODA



GABATARWA

Mai yiwuwa ne wani ya dubi kan wannan lacca, ya dubi sashen da mai maganar ya fito, ya ce me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin Hausa da zancen zuciya da ƙoda? Amsar ba ta da nisa. Likita da Turanci ya koyi aikinsa, amma mai ciki da mijinta da uwar mijinta da ungozomar unguwarsu da Hausa suke shawara, kuma a cikin wannan shawara ce ake yanke hukuncin a tafi asibiti ko a dakata tukuna. Ilmin da bai shiga harshen mutane ba, bai shiga gidajensu ba.

Abin da nake nufin yi a yau shi ne in bayyana aikin wani sinadari guda ɗaya na jikin ɗan Adam, wanda masana ke kira furojestaron. Zan nuna yadda yake taɓa jijiyoyin jini da ƙoda da zuciya tun daga shigar ciki har zuwa jego. Sa'an nan zan kawo abin da bincike ya gano a Zariya da Sakkwato da Kano, in rufe da abin da wannan ke nufi ga matan ƙasar Tambuwal da Kebbe, waɗanda tsakanin da yawansu da babban asibiti akwai tafiya.

KALMOMIN DA ZA MU YI AIKI DA SU

Kafin mu shiga gona sai mu wasa fartanya. Akwai kalmomi uku na Hausa da kan rikitar da magana idan an zo zancen jiki.

Ta farko ita ce jijiya. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran agara jijiya, yana kuma kiran zaren da ke kai saƙon zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa jijiya. A wannan lacca hanyar jini kaɗai nake nufi. Ita kuma iri biyu ce: akwai jijiya mai kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, akwai mai komo da shi.

Ta biyu ita ce zuciya. A wurinmu zuciya mazaunin fushi ce da haƙuri da tausayi, shi ya sa idan an ce wance tana da ciwon zuciya, sai a fara tambayar wa ya ɓata mata rai. Zuciyar da nake magana a kanta tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, aikinta tura jini.

Ta uku ita ce mahaifa. Wasu sukan kira jakar da ɗa yake kwance a ciki mahaifa, su kuma kira abin da ke biyo bayan ɗa da wannan suna. Don gudun ruɗani, jakar zan kira mahaifa, abin da ke biyo baya kuwa mabiyiya.

Shi kuma furojestaron yana cikin dangin sinadaran da ake kira homon. Homon ɗan aike ne. Wata gaɓa ce ke yin sa, ta zuba shi cikin jini, jini ya kai shi wata gaɓa mai nisa, ya isar da umurni. Asalin sunan furojestaron yana nufin abin da ke taimakon ɗaukar ciki, saboda haka ina ganin ba mu yi kure ba in mun ce masa sinadarin riƙon ciki.

ASALINSA DA TARIHIN GANO SHI

Kowane wata, idan ƙwan mace ya fita daga ma'ajiyarsa, gurbin da ya bari yakan cike ya zama wani ɗan ƙulli mai launin ɗorawa. Wannan ƙulli shi ne ke yin furojestaron, domin ya shirya bangon mahaifa kamar yadda ake shirya gona kafin shuka. In ciki bai shiga ba, bayan kimanin mako 2 ƙullin ya motse, sinadarin ya sauka, haila ta zo. In kuwa ciki ya shiga, ƙullin zai ci gaba da aiki har wajen mako na 7 zuwa na 10, sa'an nan mabiyiya ta karɓi aikin. A ƙarshen ciki mabiyiya tana yin kimanin miligiram 250 a kowace rana. Namiji ma yana da shi, sai dai kaɗan ne.

A shekarar 1929 George Corner da Willard Allen, a Jami'ar Rochester ta Amurka, suka nuna cewa ruwan wannan ƙulli yana riƙe cikin zomanya ko da an cire mata ma'ajiyar ƙwai. A 1934, watau shekarar da aka buga ƙamusun Bargery na Hausa, ƙungiyoyin masana 4 a Amurka da Turai suka tace sinadarin tsantsa, kowacce ita kaɗai, aka kuma daidaita a kan sunansa a 1935. Da fari ya fi zinariya tsada. Abin da ya karya farashinsa shi ne aikin Russell Marker, wanda ya gano hanyar yin sa daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko, aka kafa kamfanin Syntex don wannan sana'a a 1944.

An daɗe ana ɗaukarsa sinadarin mahaifa kurum. Daga baya aka gane cewa duk inda jini ya je yana zuwa, kuma jijiyoyi da ƙoda da zuciya duk suna jin kiransa.

AIKINSA A JIJIYOYIN JINI

Mu ɗauki misalin lambu a fadama. Injin ban ruwa shi ne zuciya, mesa da ƙananan hanyoyin ruwa su ne jijiyoyi. In ka matse bakin mesa, ruwa zai fita da ƙarfi, injin kuma ya sha wuya. In ka saki, ruwa ya tafi a hankali, ya kuma tafi da yawa. Abin da ake aunawa idan an ɗaura wa mutum awon jini a damtse shi ne wannan ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya da shi.

A bangon kowace jijiya akwai wata tsoka mai laushi wadda ba da ganin damar mutum take motsi ba. Irin wannan tsoka ce a mahaifa da hanji da hanyar fitsari. Babban aikin furojestaron shi ne ya sa ta saki, domin kada mahaifa ta murɗa ta fitar da ɗa kafin lokaci. To, amma ɗan aiken da aka ba saƙon unguwa ɗaya, sai ya bi gari duka yana faɗa. Tsokar jijiyoyi ma sai ta saki. Yana yin haka ta hanyar rage shigar sinadarin kalsiyam cikin tsokar, wanda sai da shi take iya matsewa, yana kuma ƙarfafa fatar cikin jijiya ta fitar da wata iska mai buɗe ta. Ba shi kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai estarojin, akwai kuma wani homon mai suna rilaksin, tare suke ɗaukar jinkar.

Sakamakon haka, tun watannin farko jijiyoyin mai ciki sukan buɗe, awon jininta ya sauka kaɗan, ya kai iyakar saukarsa a tsakiyar ciki, sa'an nan ya komo daidai wajen haihuwa. Daga nan ne abubuwa da yawa da muka saba gani suke fitowa. Mai ciki takan ji jiri in ta miƙe farat ɗaya, balle a bazarar ƙasar Sakkwato inda zafi kan wuce digiri 40. Jijiyoyin ƙafa sukan fito ruɗu-ruɗu, basur ya taso, ciki ya ɗaure, ƙwannafi ya dame ta, domin hanji da bakin tumbi su ma sun saki. Iyayenmu sun san waɗannan alamu tun da daɗewa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi sukutum a kan magungunan basur. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne ya nuna igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya.

A nan akwai darasi babba. Tun da ɗabi'ar jikin mai ciki ita ce jini ya sauka, to, idan aka auna bayan mako na 20 aka ga ya kai 140 bisa 90, abin ya saɓa wa ɗabi'a, kuma ba a yi masa shiru. In aka sami furotin a fitsari tare da shi, wannan ita ce cutar da kan kai ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Tushenta yana cikin mabiyiyar da ba ta kafu sosai a bangon mahaifa ba, sai ta riƙa sakin abubuwan da ke ɓata fatar cikin jijiyoyin uwa, su matse maimakon su buɗe. An gwada ba mata furojestaron don rigakafinta, bincike bai tabbatar da amfanin haka ba. Abin da ya tabbata shi ne allurar gishirin magnesiyam. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2002, wanda ya haɗa mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. A 2009 kuma Farfesa Bissallah Ekele da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka buga wata gajeriyar hanya ta ba da wannan allura, wadda aka sani da sunan Sakkwato. Cikin mata 121 da aka yi wa ita, fiye da 9 cikin 10 jijjigar ba ta komo musu ba.

AIKINSA A ƘODA

Ƙoda biyu ce, kowacce a gefen ƙashin baya, aikinsu tace jini. A kowace rana sukan tace ruwan da ya kai kimanin lita 180, watau wajen jarka 7 mai cin lita 25, amma abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk sukan mayar cikin jini. Ƙa'idar ƙoda kuwa ɗaya ce: inda gishiri ya tafi, nan ruwa ke bi. In ta riƙe gishiri ta riƙe ruwa, in ta sake shi ruwa ya bi shi.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka kamar hula, ita ke yin wani homon mai suna aldostaron, wanda aka gano a 1953. Umurninsa ga ƙoda shi ne ta riƙe sodiyam, watau sinadarin da ke cikin gishiri, ta saki fotashiyam. Abin mamaki, daga furojestaron jiki ke ƙera aldostaron, don haka suka yi kama kamar uba da ɗa. Saboda wannan kama, furojestaron yana iya shiga ya zauna a mazaunin aldostaron a cikin ƙoda, amma ba ya ba da umurnin. Kamar mutum ne ya hau kujerar alƙali, bai yanke hukunci ba, ya kuma hana alƙalin zama. Richard Landau da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago su suka nuna haka a 1955: in an ba mutum furojestaron sai gishiri ya ƙaru a fitsarinsa. A kan wannan sani aka ƙera maganin da ake kira sufironolakton a ƙarshen shekarun 1950, wanda har yau ake ba masu gazawar zuciya da masu taurin hawan jini, ko da yake ba a ba mai ciki.

To, me ke faruwa a lokacin ciki? Jijiyoyi sun buɗe, furojestaron yana sa gishiri ya fita, aikin tacewar ƙoda ma ya ƙaru da kimanin rabi. Da an bar abin haka, da jikin mai ciki ya tsotse. Sai ƙoda ta ga kamar jini ya yi ƙaranci, ta yi kira, aldostaron ya ninka sau da yawa. Ja-in-ja ke nan tsakanin uba da ɗa, kuma aldostaron ne ke rinjaye da ɗan kaɗan. A hankali jiki ya tara gishiri da ruwa, ruwan jini ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Furojestaron shi ne linzamin da ke hana tarin ya wuce kima, shi ke kuma kare mai ciki daga asarar fotashiyam.

Wannan ƙarin jini tanadi ne na ranar haihuwa, don kowace haihuwa da zubar jini. Amma ruwan ya fi jajayen ƙwayoyin jini saurin ƙaruwa, sai jinin ya tsinke kamar kunun da aka ƙara wa ruwa. Macen da ta shiga ciki da ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro ya ci mata shi, nan take shiga wahala. Dalilin ba da ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo ke nan.

Har wa yau, hanyar da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara takan saki ta faɗaɗa, mahaifa kuma ta danne ta, musamman ta dama. Fitsari ya riƙa jinkiri, ruwan da ya kwanta kuwa shi ke tara ƙwari. Shi ya sa ƙwayoyin cuta ke saurin hawa daga mafitsara zuwa ƙodar mai ciki. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi da zafin fitsari ba abin da za a lulluɓe da kalmar ciwon sanyi ba ne a sha jiƙo. Yana iya jawo naƙuda kafin lokaci.

AIKINSA A ZUCIYA

Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti. Da jijiyoyi suka buɗe, jini kuma ya ƙaru, sai aikin zuciyar mai ciki ya ƙaru da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, bugunta ya daɗu da 10 zuwa 20 a minti. Tana zaune a tabarma, amma zuciyarta tana aikin mai tafiya da sauri, dare da rana, wata da watanni. Abin da ya sa take iya ɗaukar wannan kaya shi ne hanya a buɗe take a gabanta. Da za a ƙara jini ba a buɗe jijiyoyi ba, da injin ya ƙone.

Furojestaron yana kuma taɓa wurin da ke sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwa, ya sa mai ciki ta riƙa jan iska da zurfi. Don haka mata da yawa kan ji kamar numfashi bai ishe su ba tun cikin bai yi girma ba, alhali lafiyarsu lau. Yana ɗaga zafin jiki da kimanin rabin digiri. Yana kuma gajarta lokacin da tsokar zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba. An lura cewa matan da suka gaji wata lalura ta tsawaitar wannan lokaci sun fi shiga haɗarin rikicewar bugun zuciya a watannin bayan haihuwa, lokacin da sinadarin ya riga ya sauka.

Ƙaramar shawara a nan: idan ciki ya tsufa, kwanciya rigingine takan sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke komo da jini zuwa zuciya, mace ta ji kamar za ta suma. Kwanciya a gefen hagu ita ce magani.

RANAR DA MABIYIYA TA FITA

Yanzu mun iso mahaɗar hanya. Abin da jiki ya gina cikin wata 9, cikin 'yan kwanaki yake rushe shi. Da mabiyiya ta faɗo, masana'antar furojestaron ta tafi, cikin kwanaki kaɗan ya koma ƙasa. Wannan sauka ita ce ke buɗe wa ruwan nono hanya a kwana na 2 ko na 3. Mahaifa ta motse ta turo jinin da ke cikinta zuwa jijiyoyin uwa. Ruwan da ya taru a ƙafafu ya fara komawa cikin jini. Jijiyoyin da suke a sake suka fara matsewa, don haka awon jini yakan kai ƙololuwarsa wajen kwana na 3 zuwa na 6 bayan haihuwa. Kaya ya ƙaru, hanya ta ƙuntata. Mai lafiyayyar zuciya takan wuce wannan da yawan fitsari da gumi, wadda zuciyarta ta raunana kuwa nan take durƙushewa.

Bahaushe bai jahilci haɗarin wannan lokaci ba. Ya ce jikin mai jego ɗanye ne, ya ce sanyi na iya shigarta, ya keɓe mata kwana 40 na hutu da kulawa. Ya tanadi wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro ko na tsamiya safe da yamma, a wasu wurare da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kuma kunun kanwa don ƙarfi da ruwan nono. Hutun da ciyarwar da taruwar dangi alheri ne wanda ƙasashe da yawa suka rasa. Tambayar ita ce, me zafi da kanwa ke yi wa zuciyar da ke tsakiyar wannan sauyi?

Kanwa, ko ungurnu ce ko ja, mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, duk da cewa sunan da Turawa suka ba ta yana nuna fotashiyam. Ga ƙoda, kanwa gishiri ce ko da harshe bai ji ɗanɗanonsa ba. Zafi mai tsanani kuma yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙarin gudu.

ABIN DA AKA GANO A ZARIYA DA SAKKWATO DA KANO

A 1978 Neil Davidson da Eldryd Parry, likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, suka buga bincikensu a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza a wajejen haihuwa. Sun ƙiyasta cewa a Zariya abin yana samun kimanin mace 1 cikin 100 na Hausawan da suka haihu, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Sun lura ya fi yawa a watannin zafi da damina, suka danganta shi da kanwa da wankan jego da gadon wuta.

A 2007 Simeon Isezuo da abokin aikinsa Abubakar suka duba mata 65 a asibitin koyarwa na nan Sakkwato, suka sami adadi kusan iri ɗaya, watau 1 cikin haihuwa 102. A 2020 kuma Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike da ya haɗa asibitoci da dama a faɗin Nijeriya, da mata fiye da 400 masu wannan ciwo. Arewa maso yamma ce ta fi kowane yanki, a Kano ya kai 1 cikin 96. Amma da aka gwada masu ciwon da masu lafiya, ba a ga wankan jego da kunun kanwa sun bambanta su ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin lokacin ciki. Bincike a Yamai tun 1992, da wani a Kano daga baya, sun kuma nuna ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyam a jinin irin waɗannan mata. A Jamus, a 2007, an gano cewa wani ɓangare na homon ɗin da ke kawo nono yana iya cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya, an kuma tabbatar gado yana da hannu a wajen wasu.

Yaya za mu haɗa waɗannan? Asalin raunin yana cikin tsokar zuciya, kuma talauci da yunwa da hawan jini ne ke share masa fage. Kanwa ba ita ce ta haƙa ramin ba. Amma duk likitan zuciya zai gaya maka cewa wanda zuciyarsa ta gaza, gishiri ƙara masa ruwa yake yi. Ga inda haɗarin yake: mai jego ta fara kumburi da haki, sai a ce ba ta gasu ba, sanyi ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Ana nufin magani, ana ƙara wa jaki kaya a kan gangare.

ABIN DA WANNAN KE NUFI GA TAMBUWAL DA KEBBE

Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, Kebbe kuma ta fi nisa. Mutumin Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna, balle na Kuchi ko Margai, ba ya ɗaukar mai jego zuwa asibitin koyarwa sai abin ya yi tsanani, musamman da damina. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da suka haihu a asibiti ba su kai 1 cikin 10 ba. Ma'anar wannan ita ce, idon farko da zai ga alama idon gida ne. Don haka ga abin da ya kamata kowane gida ya riƙe.

Na ɗaya, akwai abin da yake ɗabi'ar ciki ne: ɗan kumburin ƙafa da yamma wanda ke sacewa da safe, jiri in an miƙe da sauri, yawan fitsari, ɗan haki in an yi aiki.

Na biyu, akwai abin da ba a kwana da shi: kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, raguwar fitsari. Waɗannan su ne masu shelar jijjiga, kuma tana iya zuwa ko bayan an haihu.

Na uku, a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata 5 bayan haihuwa, macen da ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, mai tashi cikin dare tana neman iska, mai tari da kumburin ƙafa da ciki, zuciyarta ce ke neman agaji. A dakatar da kanwa, a rage gishiri da dunƙulen miya, a sassauta zafin ruwa, a kai ta babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe a ranar. Da yawa sukan warke in an fara magani da wuri.

Na huɗu, awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8. Kunyar cikin fari al'adarmu ce mai kyau, amma hawan jinin ciki ya fi kama mai cikin fari. Idan yarinya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, to, katin awonta ya bi ta. Kuma kada a saya wa mai ciki maganin hawan jini ko na riƙon ciki a kemis, don wasu magungunan hawan jini suna lalata ƙodar ɗan da ke ciki.

Na biyar, macen da zuciyarta ta taɓa gazawa a jego, sabon ciki kafin ta warke haɗari ne ga ranta. Allurar tazarar haihuwa ta wata 3 da ashanar da ake sawa a damtse, daga dangin furojestaron aka ƙera su, amma ba su zama shi ba a kowane hali. A auna jininta, likita ya zaɓa mata wadda ta dace. Wannan magana ta maigida ce kafin ta zama ta kowa, domin shi ke ba da izni, shi ke biyan kuɗin mota.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga yadda ɗan aike guda ya buɗe jijiyoyi, ya yi ja-in-ja da ɗansa a cikin ƙoda, ya sauƙaƙa wa zuciya ɗaukar kaya, mun kuma ga abin da tafiyarsa ke bari a baya. Mun ga al'adarmu ta gane lokacin haɗari daidai, sai dai wani sashe na maganinta yana bukatar gyara, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Saura aikinmu, mu masu nazarin harshe. Muddin kalmar sanyi tana ɗauke da cutar mafitsara da gazawar zuciya da ciwon gaɓoɓi gaba ɗaya, muddin kuma ciwon zuciya yana nufin ɓacin rai, to, ma'aikaciyar asibiti da uwar mai jego za su yi ta magana ba su ji juna ba. Ina kira ga sassan Hausa da kwalejojin likitanci na jami'o'inmu su zauna tare da ungozomomi, su tattara kalmomin da ake amfani da su a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe da sauran ƙasar Hausa, su daidaita su, a sa su a rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure da katin awo. Rigakafi ya fi magani, kuma farkon rigakafi shi ne a kira cuta da sunan da kowa zai gane.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya ba masu jinya sauƙi.